Ina kakana yake? Tambayar da ta cinye mana sati uku a ajin tauhidi

Ina koyarwa ne a wata ƙaramar makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa, irin wadda ake horar da masu bishara kafin a tura su ƙauyuka, kuma abin da zan ba da labarinsa ɗin nan a ajina ya faru da 'yan shekara ta biyu. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, ba zan faɗi sunan ɗalibin ba, kuma sai da na nemi izininsa kafin na fara rubutun. Saboda 'yan uwana malamai da fastoci da masu koyar da ajin baftisma na rubuta, don tambayar nan tana hanya in ma ba ta riga ta iso muku ba.

Ɗalibai 19 ne a ajin. Yawancinsu daga kudancin Kaduna da Filato da Bauchi suke, mutanen da tun kakanninsu ake zuwa sujada a gidansu, sai kuma guda 6 'ya'yan gidajen Maguzawa daga ƙasar Kano da Katsina. Kusan duk magidanta ne, kowa da matarsa da yara a ɗakunan makaranta, da safe aji da yamma gona, matan kuma suna da nasu ajin daban. Darasin da muke kai shi ne koyarwar ceto. Ranar Talata ce wajen ƙarfe sha ɗaya, zafin Afrilu ya sa kowa yana fifita da littafin rubutu, na rubuta Ayyukan Manzanni 4:12 da Yahaya 14:6 a allo, ina ta bayani cewa ba wani suna a ƙarƙashin sama da aka ba mutane don su sami ceto sai sunan Yesu, sai wani ɗalibi da ke zama can baya kusa da taga ya ɗaga hannu. Mutum ne da ba ya yawan magana, shekarunsa za su kai 35, rubutunsa ya fi na kowa kyau a ajin.

Ya ce, "Malam, kakana ya rasu shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira. Mai bishara na farko da ya taka ƙauyenmu sai bayan shekara shida ya zo. Sunan nan da ka rubuta a allo bai taɓa shiga kunnensa ba ko sau ɗaya. To yanzu yana ina?"

Wato 1973 kenan yake nufi. Ni kuwa ko minti ɗaya ban ɗauka ba, na ce ya buɗe Romawa 1:20 ya karanta, inda Bulus ya ce tun halittar duniya ikon Allah da allahntakarsa a fili suke cikin abubuwan da ya yi, don haka mutane ba su da hujja. Na ƙara masa da Romawa 3:23, duka sun yi zunubi. Na ce mu ci gaba don jarrabawa ta kusa. Ya ce na gode Malam, ya rufe bironsa ya sa a aljihu, har aka tashi bai sake rubuta ko harafi ɗaya ba. Na ga lokacin da ya rufe biron nan da idona, amma ban tsaya ba.

Laraba bai zo ba, Alhamis bai zo ba, monita ya ce zazzaɓi ne. To ruwa dai ba ya tsami banza. Matata ce ta dawo daga wurin injin niƙa da yamma ta ce mini, kai me ka faɗa wa mijin wance a aji, ga shi kwana biyu ko tuwo ba ya ci sosai, har yana maganar haɗa kaya su koma gida. A bakin matarsa ta ji ainihin labarin. Ashe kakan da yake magana bai ma taɓa ganinsa ba, an haife shi ne shekaru da yawa bayan rasuwarsa aka sa masa sunansa. Kakarsa ce ta raine shi, tana nan da ranta ta haura 80, kuma saboda alkunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, Maigida take ce masa tun yana goye. Duk gidan sun karɓi bangaskiya, 'ya'ya da jikoki da surukai, ita kaɗai ta rage. Ba ta faɗa da kowa a kai, ita ce ma take tashin yara su yi wanka ranar Lahadi. Amma duk sanda aka yi mata maganar baftisma amsarta ɗaya ce: "Ku dai ku je, Allah ya ba da sa'a. Ni inda uwata da ubana suke, da uban babanku, da 'ya'yana biyu da baƙon dauro ya kwashe, can za ni. Ba zan shiga inuwa in bar su a rana ba."

Jikina ya yi sanyi da na ji wannan. Mutumin nan ba tambayar jarrabawa ya yi mini ba, abin da zai je ya faɗa wa tsohuwar da ta goya shi yake nema, ni kuma na miƙa masa aya biyu na juya ga allo. Ayoyin gaskiya ne, har gobe ina tsaye a kansu. Amma na yi amfani da su ne don in rufe bakinsa in gama manhaja, kuma wannan laifina ne, ba na ayoyin ba. Da dare na je ƙofar ɗakinsa na yi sallama, muka zauna a benci, na ba shi haƙuri. Na ce in ya yarda zan mayar da tambayarsa gaban aji gaba ɗaya mu bi ta a hankali, ba tare da na ambaci kakarsa ba sai in shi ya ga dama. Ya daɗe bai ce komai ba sannan ya ce, "Malam in dai ba za a yi mini wayo a lallashe ni ba, na yarda. Gaskiya nake so ko da mai ɗaci ce."

Abu na farko da muka yi a aji shi ne lissafi, don shi da kansa ya taɓa cewa wai wa ya yi latti, kakansa ko masu kawo saƙon. Na jera shekarun a allo. Mutum uku na farko na mishan ɗin SIM, wato Gowans da Kent da Bingham, sun sauka Legas a ƙarshen 1893, kafin ƙarshen 1894 biyu daga ciki sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Ayarin Bishop Tugwell ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Likita Mila, ɗan mishan Bature, ya zauna a birnin Zariya daga 1905, daga baya aka koma Wusasa wajen 1929. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932. Sannan Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, saboda haka suka taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu, kuma Maguzawa a cikin masarautun nan suke zaune, ta hanyar asibitocin kutare irin su Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa ne aka ɗan sami ƙofa a shekarun 1930. Kafin labarin ya gangara daga nan ya kai wata unguwar Maguzawa da ba ta kan titi, an ƙara wasu shekaru arba'in. In ka ɗauko daga ranar Fentikos zuwa ranar da mai bishara ya jingine kekensa a ƙauyen ɗalibin nan, shekara dubu ɗaya da ɗari tara da ɗoriya ne. Ajin ya yi tsit. Wani daga Filato ya ce a hankali, ashe mu ma kakannin kakanninmu suna cikin wannan lissafin, bambancin kawai mu ba mu san sunayensu ba shi ya sa abin bai dame mu ba.

Daga nan na raba su kashi uku, ban ba kowa littafin sharhi ba, na ce Littafi Mai Tsarki kaɗai za su riƙe kwana uku. Kashi ɗaya su tattaro duk inda aka nuna ceto ta wurin Almasihu ne kaɗai kuma sai an ji an gaskata. Kashi na biyu su nemo abin da aka faɗa game da al'ummai da ba su sami Shari'a ko bishara ba. Na uku su nemo mutanen da ba Isra'ilawa ba amma Allah ya yi hulɗa da su. Da gangan na sa mai tambayar a kashi na farko, ya kalle ni, na ce ai kai ka ce kada a lallashe ka.

Ranar da suka kawo rahoto ita ce ranar da na fi jin daɗin koyarwa tun da na fara aikin nan, duk da an yi zafi har sai da monita ya miƙe sau biyu. Kashi na farko suka zo da Yahaya 14:6, da Yahaya 3:18, da Romawa 10:14 inda Bulus yake tambaya yaya za su gaskata da wanda ba su ji labarinsa ba, yaya kuma za su ji in ba mai wa'azi, da Afisawa 2:12 da ta ce al'ummai a da ba su da bege ba su da Allah a duniya. Mai tambayar ne ya karanta wannan ta ƙarshen da bakinsa, muryarsa tana rawa amma ya kai ƙarshe. Kashi na biyu suka tashi da Ayyukan Manzanni 14:16-17, maganar Bulus a Listira cewa a zamanan da Allah ya bar al'ummai su bi hanyoyinsu amma bai bar kansa ba shaida ba, yana ba su ruwan sama da damina mai albarka yana ƙosar da su da abinci, wanda duk manomi a ajin ya gane wannan ba sai an fassara masa ba. Suka kawo 17:30, a Atina, cewa Allah ya kau da kai ga zamanin jahilci amma yanzu yana umartar kowa ya tuba. Suka kawo Romawa 2:14-16, al'ummai da ba su da Shari'a amma abin da Shari'a take nema a rubuce yake a zukatansu, lamirinsu yana ba da shaida, tunaninsu wani lokaci yana kai ƙararsu wani lokaci yana kare su a ranar shari'a. Suka kawo Luka 12:47-48, bawan da ya san nufin ubangidansa ya ƙi zai sha duka da yawa, wanda bai sani ba kaɗan, da Matiyu 11 inda Yesu ya ce za a fi rangwanta wa Taya da Sidon da Saduma a kan garuruwan da suka ga ayyukansa da idonsu.

Kashi na uku kuwa wani dattijo ne ya jagorance su, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya ya zo karatu, kowa Baba yake ce masa har ni. Ya jero Malkisadik sarkin Salem firist na Allah Maɗaukaki wanda Ibrahim ya ba shi zakka, da Yetro firist na Madayana surukin Musa, da Ayuba mutumin ƙasar Uz, da Karniliyas sojan Roma da mala'ika ya ce masa addu'o'insa da sadakarsa sun kai gaban Allah tun bai ji bishara ba. Baba ya ce, "Malam, Ibrahim kansa bai san sunan Yesu ba, Dauda ma haka, kuma duk mun yarda jinin Yesu ne ya cece su. To ashe jinin yana iya kaiwa inda sunan bai riga ya kai ba." Nan take wani matashi ya ce a'a Baba, su Ibrahim suna da alkawarin da Allah ya yi musu baki da baki, shi suka gaskata, su Malkisadik kuma Allah Maɗaukaki suke yi wa sujada ba iskoki ba, Karniliyas ma ai ba a bar shi haka ba sai da aka aiko masa Bitrus ya faɗa masa maganar da za ta cece shi, ga ta nan a Ayyukan Manzanni 11:14. Gaskiya duk su biyun sun karanta daidai.

A nan ne mai tambayar ya miƙe ya buɗe cikinsa, ba wanda ya sa shi. Ya ce kakansa sarkin noma ne a unguwarsu, kuma a farin da aka yi a zamaninsa ya buɗe rumbunsa biyu ya ciyar da mutane har da baƙin da suka gangaro daga arewa, bai karɓi ko kwabo ba, har yau in an ambace shi a yankin sai an faɗi wannan. Ya san akwai Allah, da sunan Allah yake rantsuwa, yana cewa Allah na sama shi ke da ruwa shi ke da rai. Amma kuma shi ne mai tsafin gidansu, kafin shuka sai ya yanka wa iskar da ake kira Uwar Gona, in yaro ya kwanta ciwo sai an nemi baƙin bunsuru an zubar wa iskoki jini. Ya ce, "Ba zan yi muku ƙarya in ce shi Malkisadik ne ba. Duka biyun ya yi. A ganinsa Allah ya yi nisa, iskoki ne a kusa kuma su ne masu cutarwa, to su yake lallashi." Wannan gaskiyar da ya faɗa a kan kakansa ta fi duk abin da na koyar a zangon nan nauyi, don da ya so da sai ya ɓoye bunsurun ya bar mu da rumbun.

Sati na biyu na kawo musu tarihi, don su san ba su ne farkon masu wannan kukan ba. Akwai labarin da na shekara ina koyarwa a tarihin ikkilisiya kamar abin haddar jarrabawa kawai, na Radbod sarkin Firisiyawa a ƙasar Holan ta yau, wanda ya mutu a 719. Ana ba da labari cewa har ya sa ƙafa ɗaya cikin ruwan baftisma sai ya tambaya ina kakanninsa sarakuna suke, aka ce masa suna wuta, ya janye ƙafarsa ya ce gara ya kasance tare da su. Ina faɗa ina kallon bayan aji, mutumin ya sunkuyar da kai, don kusan kalma da kalma maganar kakarsa ce. Sai Faransis Zabiya, ɗan mishan da ya isa Japan a 1549, a wasiƙarsa ta 1552 ya rubuta yadda sababbin masu bi a Yamaguci suke kuka saboda iyayensu da suka mutu, suna tambaya ko akwai wata hanyar fitar da su, ya ce musu babu, kuma ya ce shi ma abin yana sosa masa rai in ya ga hawayensu. A ɗaya gefen kuma ga Jastin Shahidi da aka kashe a Roma wajen shekara ta 165, shi ya ce Almasihu shi ne Kalman da ke haskaka kowane mutum, don haka waɗanda suka yi rayuwa bisa ga Kalman tun kafin zuwansa, har ya ambaci Sokratis masanin falsafar Girka, nasa ne. Cocin Katolika ma a Majalisar Batikan ta biyu, a takardar 1964, ta ce wanda bai san bishara ba ba da laifinsa ba, amma yana neman Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa da taimakon alheri, zai iya samun ceto.

Na fi daɗewa a kan namu na gida, Dokta Byang Kato, ɗan Kwoi a ƙasar Jaba, an haife shi 1936, ya riƙe babban sakataren cocin ECWA, daga baya ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka, ya rasu a ruwa kusa da Mombasa a Disamba 1975 yana da shekara 39. Shi ba daga nesa ya hango maganar ba, a gidan tsafi ya tashi. A littafinsa da ya fito a 1975 ya ja da su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu, yana ganin yadda suke ɗaukaka addinan gargajiya zai kai ga koyarwar cewa kowa zai tsira ta kowace hanya. Matsayinsa shi ne mutanensa sun san akwai Maɗaukaki, suna kiransa Nom, wannan sanin gaskiya ne kuma daga Allah yake, amma sanin bai isa ceto ba, ceto na Almasihu ne kaɗai. Ɗaliban suka ji daɗin Kato sosai don sun ga mutum ne da ya san warin jinin bunsuru kamar su. Wani da ya yi makarantar allo kafin ya zama mai bi ya ƙara da cewa maƙwabtanmu Musulmi ma malamansu sun tattauna irin wannan, suna kiran mutanen da saƙo bai kai musu ba ahlul fatra, suna kafa hujja da aya ta 15 a Suratul Isra'i cewa Allah ba ya azabtarwa sai ya aiko manzo. Na ce ya kyauta da ya kawo, don a ƙauyen da za a tura shi zai iya jin wannan a bakin mutane, gara ya san inda maganarmu ta yi kama da tasu da inda ta rabu.

Wani ya ɗauko 1 Bitrus 3:19 da 4:6 da murna, wa'azi ga ruhohi da ke kurkuku, ya ce shikenan an yi musu wa'azi a can. Na ce ya bi a hankali. A cikin malaman ikkilisiya na farko, Kilement na Iskandariya ya fahimce ta kusan haka, amma Agustin ya ce ana maganar wa'azin da Almasihu ya yi ta bakin Nuhu ne ga mutanen zamaninsa, ga kuma Ibraniyawa 9:27 da ta ce sau ɗaya mutum zai mutu bayan haka sai shari'a. Ayar da manya suka rabu a kanta haka ba a kafa ɗaki a kanta a sa tsohuwa ta kwana ciki.

Ana cikin haka shugaban makaranta ya kira ni ofis. Labari ya kai masa wai ina koya wa ɗalibai cewa matsafa za su shiga sama. Ban ji haushi ba, aikinsa ne ya tambaya, kuma tsoronsa yana da tushe don in mai bishara ya fita da tunanin kowa zai tsira to me zai kai shi ƙauyen da ba ruwa ba asibiti. Na nuna masa takarduna, ya karanta, ya ce in ci gaba amma in rama darussan da na bari ranakun Asabar, kuma in tabbata na faɗa musu inda na tsaya, kada in bar su a tsakiyar kogi. Wannan tambayar tasa ma ta fito a aji, wani ya ce in dai rashin ji yana kawo rangwame ai gara mu ƙyale mutane kada mu ja musu hukunci. Kafin in buɗe baki mai tambayar ya amsa masa. Ya ce, "Kai ba ka zauna a gidan da ake tsoron iskoki ba. Babana ya ce awakinsu a tsafi suke ƙarewa, yaro na zazzaɓi ana neman wanda ya yi masa maita. Ranar da ya daina wannan tsoron ya ce kamar an sauke masa dutsen niƙa daga ka. Ko don wannan kaɗai zan je."

A ƙarshen sati na uku na faɗa musu inda na tsaya. Duk wanda zai tsaya a gaban Allah da farin ciki, daga Habila har mutum na ƙarshe, ta wurin jinin Almasihu ne, rumbun hatsi ba ya sayen ceto, yankan bunsuru kuma zunubi ne ba wata hanya ta biyu ba, ban rage ko ɗaya daga wannan ba. Amma Littafin da ya faɗi haka shi ne kuma ya ce za a yi wa kowa shari'a gwargwadon hasken da ya samu, kuma ba inda ya ba ni ko wani fasto ikon kama sunan mutum ɗaya da ya mutu bai ji ba in ce ga inda yake, wuta ko sama. Maimaitawar Shari'a 29:29 ta ce asirai na Ubangiji ne, abin da aka bayyana shi ne namu. Da Ibrahim ya tsaya yana roƙo saboda Saduma abin da ya riƙe shi ne, mai shari'ar dukan duniya ba zai yi abin da ke daidai ba? Na kuma ce wa mai tambayar a gaban kowa kada ya ji kunyar ciwon da yake ji, don Bulus da ya rubuta Romawa 1 shi ne ya rubuta a sura 9 cewa yana da baƙin ciki marar yankewa har ya so a raba shi da Almasihu saboda danginsa. Baba bai gamsu gaba ɗaya ba, yana ganin na tsaya kusa da ƙofa na ƙi shiga, matashin nan kuma yana ganin na buɗe taga da bai kamata ba, har suka gama makaranta ba su daidaita ba kuma tare suke cin abinci.

A jarrabawa na cire tambayar da na saba yi ta jero ayoyi biyar a kan ceto, na sa wannan: tsohuwa a ƙauyen da aka tura ka ta ce ba za ta bi ba don mijinta da iyayenta sun mutu ba su ji ba, rubuta abin da za ka ce mata da Hausar da za ta gane, kada ya wuce shafi ɗaya. Mutum 3 suka rubuta mata kai tsaye cewa suna wuta ta ceci kanta, 2 suka ce ta kwantar da hankalinta suna sama, duka biyar ɗin na rage musu maki iri ɗaya don sun faɗi abin da ba a ba su ba. Sauran sun yi ta fama a tsakani, wasu da kyau wasu a daddafe, kuma kusan rabinsu sun fara ne da cewa za su zauna su tambaye ta sunayen mutanen nata tukuna.

Da aka yi hutu ya ɗauke ni a babur muka je ƙauyen. Ta shimfiɗa mana tabarma a gindin tsamiya, ta dama mana fura da hannunta duk da surukanta suna nan, ta nuna mini da sandarta inda rumbunan nan biyu suke a da, yanzu turken awaki ne a wurin. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce, "Malam, kai ne mai koya wa Maigida karatu, to faɗa mini, suna ina?" Na ce, "Iya, littafin sunayen ba a hannuna yake ba. Wanda yake riƙe da shi ya ga ranar da aka buɗe rumbun nan, ya ga abin da aka yanka ma, ya san abin da suka ji da abin da ba su ji ba, kuma ba zai zalunci kowa ba. Amma ke kin ji, kuma ke yake kira." Ta yi shiru tana kaɗa ƙuda daga bakin ƙwarya, can ta ce wani mai wa'azi da ya taɓa zuwa shekarun baya wuta ya ce mata kai tsaye, tun ranar ba ta ƙara zama an yi mata maganar ba sai yau. Ta tambayi yaran nata biyu. Jikan ya buɗe 2 Sama'ila 12:23 ya karanta mata maganar Dauda da jaririnsa ya mutu, ni zan tafi wurinsa amma shi ba zai komo wurina ba. Ta sa ya maimaita.

Yanzu an tura shi aiki wata unguwa da ba ta da nisa da gida, yana zuwa duba ta duk ranar kasuwa. Ba a yi mata baftisma ba har yanzu. Ya ce ranar da zumuntar mata suke waƙa takan sa a kai mata tabarma bakin tagar majami'a daga waje ta zauna har a tashi. Da muka yi waya makon jiya ya ce ta sake sa shi ya karanta mata wurin Dauda ɗin nan, sannan ta ce in Malam zai zo ya taho mata da man zafi saboda gwiwarta.